Kango a Gefe, Masu Neman Haya a Gefe: Me Ke Tsayar da Gine-gine a Biranenmu?

Duk wanda ya saba bin hanyar filin jirgin saman Abuja, ko ya ratsa ta Lokogoma da damina, ya san irin wurin da zan kwatanta. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe wadda fentinta ya koɗe, a samanta allo mai hoton gidaje masu jan rufi da yara suna wasa a kan ciyawa. Ka leƙa ta kafar ƙofa sai ka ga benaye a jere, wasu an kai su linta, wasu an zuba dakin an tsaya, rodi ya yi cirko-cirko a sama ya yi ja da tsatsa, bulo ya yi baƙi saboda ruwan shekaru. Tsakanin gini da gini masara ce ta yi kore shar.

A ɗaya daga irin waɗannan wurare na taɓa fakewa ruwa. Na tarar maigadi ya toshe tagogin ɗaki guda da buhunan siminti, matarsa tana girki a inda aka tsara zai zama falo. Na ce masa, “Baba, yaushe rabon masu wurin da zuwa?” Ya ce, “Wallahi Alhaji, yaron nan da ka gani a nan aka haife shi, ga shi har ya shiga makarantar allo, ban ga an ƙara bulo ɗaya ba. Sai dai lokaci-lokaci a zo da baƙi a mota, a zagaya da su, a nuna musu, a tafi.”

Maganarsa ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai. Ba a manta da wurin ba. Ana zuwa, ana nunawa, ana ciniki. Ginin ne kawai ba a yi. A daidai wannan lokaci kuma, kullum tun da asuba dubban ma'aikata ke cunkushewa a hanyar Nyanya da Mararaba da Masaka, ko ta Zuba da Madalla da Suleja, saboda albashinsu ba zai kama musu ɗaki a cikin birnin da suke yi wa aiki ba.

An daɗe ana yawo da alƙaluman ƙarancin gidaje a Najeriya: wani ya ce miliyan 17, wani ya ce miliyan 28. Babatunde Fashola, lokacin da yake ministan ayyuka da gidaje, ya fito fili ya ce waɗannan lambobi ba su da tushe, kuma da gaskiyarsa ta wani gefen, tunda rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006. Amma ba sai an ƙirga ba kafin a san akwai yunwar muhalli. Wanda ya je sabunta haya a bana ya sani. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, in buƙata ta kai haka, me ya hana masu kuɗi su gina su sayar? Amsar da na fahimta ita ce, a yanayin da muke ciki, fili a kwance ya fi gida riba. Kuma sha'awar da ake cewa 'yan kasuwar gidaje suna nunawa a kan wani wuri, sau da yawa sha'awar ƙasar ce, ba ta ɗora gini a kanta ba.

Mu ɗauki alƙalami. A farkon 2022 kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ke tsayarwa yana kashi 11.5 cikin 100. Zuwa Nuwamban 2024 ya kai 27.5, bankunan kasuwanci kuma suna ba da rance a wajen kashi 30. Mai kamfanin da ya ci bashin naira miliyan 100 don ya gina rukunin gidaje cikin shekara biyu, kuɗin ruwa kaɗai zai ci masa wajen miliyan 60, tun bai biya birkila ko lebura ba. A wannan tsakanin aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 ya wuce 10,000 a wasu garuruwa a Fabrairun 2024, har sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan 7,000 zuwa 8,000, farashin da bai daɗe ba a kasuwa. Rodi, kwanon rufi, tayil, wayar lantarki, ƙofofi, kusan komai yana bin dala. Tipar yashi kuma tana bin man dizal.

Yanzu ka dubi wanda bai gina komai ba. Ya zagaye filinsa da katanga, ya sa maigadi, ya tafi harkokinsa. Ba ya biyan kuɗin ruwa, ba ya faɗa da magina, ba ya bin ɗan haya bashi. Hauhawar farashin da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 tana cinye kuɗin da ke banki, amma filinsa tashi yake yi tare da ita. In ma yana da rarar kuɗi, a 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara guda suna ba da ribar da ta haura kashi 20, ba tare da ya taka wurin gini ba. Gidan da ya ci naira miliyan 60 kuwa, a yawancin unguwannin Kano ko Kaduna da wuya ya kawo hayar miliyan 4 a shekara. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar wani ya yi masa wannan lissafi. Fili ya zama asusu, kuma ba a fasa asusu sai da dalili.

A nan ya kamata a raba kango biyu, don ana yawan haɗa su. Akwai kangon talaka: malamin makaranta ya sayi fuloti, bana ya buga bulo 500, baɗi ya ɗauki adashi ya kai linta, wata shekarar ya rufa ɗaki ɗaya ya tare da iyalinsa, sauran ya biyo baya. Wannan gini bai tsaya ba, tafiya yake yi a hankali, kuma ta wannan hanya aka gina mafi yawan gidajen da muke ciki. Wanda nake magana a kansa shi ne babban fili mai hekta goma ko ɗari, wanda aka bayar da sunan za a gina wa jama'a, aka ƙaddamar da shi da kiɗa da yanka kyalle, sannan ya kwanta.

Sai kuma mai saye, wanda shi ne ƙarshen sarƙar. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba shi rance a kashi 6 har tsawon shekara 30. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma ɗauki mai mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka tsayar a Yulin 2024. Ko da zai riƙa ba da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa duk wata har shekara 30, rancen da zai iya ɗauka bai kai naira miliyan 4 ba. In buhu yana naira 10,000, kuɗin siminti ne ƙasa da buhu 400, ba fili, ba rufi. Ma'aikatar gidaje ta tarayya da kanta ta bayyana cewa a shirinta na Renewed Hope, gida mai ɗaki ɗaya da aka gina da kuɗin kasafi yana kamawa wajen naira miliyan 8 zuwa 9, amma irinsa da 'yan kasuwa suka gina ta hanyar haɗin gwiwa yana kaiwa wajen miliyan 22. Tazarar nan ta kuɗin ruwa ce da kuɗin fili da titi da magudanar ruwa, waɗanda ɗan kasuwa dole ya ɗora wa mai saye. Ga kuma wani abu da masu tsara manufofi daga nesa ba su cika lura da shi ba: a Arewa mutane da yawa ba za su taɓa rancen da ke da riba ba ko da kashi 6 ne, don gudun haram. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun buɗe ƙofa, amma har yanzu ba su da dogon jarin da zai ɗauki gidan shekara 20 ga talakawa masu yawa.

Da banki ya gagara, sai kamfanoni suka koma karɓar kuɗin mutane tun kafin gini: biya kaɗan-kaɗan, in an gama a ba ka makulli. Wata 'yar uwata ma'aikaciyar jinya ta shiga irin wannan ta hannun ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aikinsu a 2021. Shekara biyu ana yankar albashinta. Da ta gama biya, aka kira su taro aka ce kayan gini sun ninka, ko kowa ya ciko kusan abin da ya riga ya biya, ko a mayar masa da kuɗinsa yadda ya ba da su. Na ga rasiɗanta a cikin leda, ta jera su wata bayan wata. Kuɗin da a 2021 za su gina gida, a 2024 fuloti ma sai a bayan gari. Ba na cewa duk mai kamfanin da ya yi haka ɓarawo ne. Wasu da gaske lissafi ne ya kife da su. Amma akwai waɗanda suka kwashi kuɗin wannan aiki suka sayi wani sabon fili, suka buɗe wani sabon talla, suna biyan na farko da kuɗin na baya. Ranar da sababbin masu saye suka ja baya, duk wuraren suke tsayawa lokaci guda.

Ƙarƙashin duk wannan akwai dokar ƙasa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar abin da ke kan ƙasar take biya, shuka ko gini, ba ta ƙasar kanta ba. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma har yau ma'aikatar gidaje na cewa sama da kashi 90 na filayen ƙasar ba su da rajista. Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, fili mai kyau a birni ana samunsa ne ta sa hannun mai mulki, a farashin gwamnati, don haka wanda ya fi kusa da ofis ya fi wanda ya iya gini samun rabo. Ribarsa ta tabbata tun ranar da aka miƙa masa takarda. Me zai kai shi wahalar siminti? Ta biyu, wanda ya saya daga hannunsa zai yi watanni ko shekaru yana bin fayil, banki kuma ba ya karɓar jinginar filin da takardarsa ba ta kammala ba.

Abuja ce ta fi nuna wannan ƙarara, domin duk ƙasarta ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976 ta zamanin Murtala. An tsara birnin kashi-kashi, a kan cewa gwamnati za ta shimfiɗa titi da ruwa da lantarki a gunduma kafin a raba fulotai. A Maitama da Asokoro da Wuse da Garki an bi wannan tsari. Daga baya rabon fili ya tsere wa aikin titi da nisa, har aka wayi gari mutane na riƙe da takardun gundumomin da babu hanyar shiga sai a kan babur. A 2000 aka ɓullo da shirin gina gidaje masu yawa: a ba kamfani babban fili kusan kyauta, gwamnati ta kawo manyan tituna da ruwa, shi kuma ya gina cikin wa'adi. Gwamnati ba ta cika nata ba, kamfanoni da yawa kuma suka yanka filayen suka sayar wa mutane kowa ya gina da kansa. Lokogoma ta cika da gidaje, amma shekara da shekaru mazaunanta na fama da laka da ambaliya, saboda an gina kafin a yi wa ruwa hanya. Zamanin Bala Mohammed yana ministan Abuja aka gwada wata dabara, ta musayar fili da aiki: kamfani ya yi titunan gunduma da kuɗinsa, a biya shi da wani kaso na fulotan. Wuraren Ketti da Waru da Sheretti na cikin inda aka ware. Da gwamnati ta sauya a 2015 aka dakatar da shirin, aka shiga bincike, filayen suka zauna, Gbagyi da sauran 'yan asalin ƙauyukan kuma suka rasa sanin matsayinsu: ba a tashe su ba, ba a kuma bar su su gina na dindindin ba.

Mafi girman misali shi ne Centenary City a hanyar filin jirgi. Goodluck Jonathan ya aza harsashinsa a 2014 don cikar shekara 100 da haɗe Kudu da Arewa, fili sama da hekta 1,000, aikin da aka ce zai ci wajen dala biliyan 18 tare da kamfanin Eagle Hills na Abu Dhabi. Farashin mai ya faɗi, mulki ya sauya, majalisa ta shiga binciken yadda aka ba da filin, kuma shekara goma bayan bikin babu birnin da aka zana a allo. A tsakiyar gari ma ga hasumiyar Millennium mai tsawon mita 170 da aka fara a 2006, ga hedikwatar ɗakin karatu na ƙasa da aka ba da kwangilarta a shekarar, su ma sun kwashe shekaru ba a kammala su ba. Ba baƙon abu ba ne: kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba tun a 2011.

Akwai kuma gidajen da tun farko ba don a zauna aka gina su ba. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma, wanda EFCC ta danganta da tsohon gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, aka kuma miƙa shi ga ma'aikatar gidaje a Mayun 2025. Ko mene ne ƙarshen shari'ar, abin lura shi ne gini na daga cikin wuraren da kuɗi marasa bayani suka fi son ɓuya. Mai irin wannan kuɗi ba ya gaggawar sayarwa, ba ya rage farashi, ba ya damuwa in gida ya shekara biyar a kulle. Shi ke tsayar da farashin unguwa a sama, ɗan kasuwar kirki da ke son gina masu araha kuma ya kasa sayen fili kusa da shi.

Kano labarinta daban. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, an gina biranen Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya, da Bandirawo a hanyar Katsina. A nan an yi gidajen, an yi tituna. Amma farashinsu ya fi ƙarfin ma'aikaci, kuɗin asusun fansho da aka sa a wani ɓangaren aikin ya jawo rigima da shari'a ta shekaru, sannan ɓarakar siyasa tsakanin wanda ya gina da wanda ya gaje shi ta sa wuraren suka rasa mai kula. Da yawa cikin waɗanda suka saya masu hali ne da ke da gidajensu a cikin gari, suka kulle suka ajiye. Har a 2025 sai da gwamnatin jihar ta ba masu gidajen wa'adin su tare ko su sa 'yan haya, ko a soke mallakarsu.

A daidai wannan lokaci Kano tana faɗaɗa ta ko'ina, amma ta hanyar awon igiya. Manomi ya ga gari ya iso gonarsa, ya san in gwamnati ta riga shi diyyar shuka zai samu, sai ya kira dillali a ja igiya a yanka fulotai, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya kama nasa. Lungu ya ƙuntata har motar asibiti ba ta shiga, ba filin makaranta, ba kwata. Duk da haka nan ne mutane ke ginawa su shiga, domin kuɗin ya yi daidai da aljihunsu, kuma kusa yake da dangi da kasuwa da masallacin da suka sani. Bakano ba ya son gidan da zai raba shi da zumunci da wurin nemansa, komai kyan fentinsa. Wannan darasi tsoho ne. Gidajen Shagari na farkon shekarun 1980 da yawa a daji aka kai su, a wasu jihohin saboda gwamnonin adawa sun ƙi ba da fili a cikin gari, suka daɗe ba kowa sai da gari ya je ya same su.

Manyan masu kuɗin Kano kuwa hankalinsu na kan shago. Rumfa a Kantin Kwari ko Singa ko Farm Centre tana mayar da kuɗinta da saurin da gidan haya ba zai taɓa yi ba, shi ya sa duk inda fili ya faɗo a bakin titi sai ka ga filaza ko gidan mai. Zamanin Abdullahi Ganduje an ba 'yan kasuwa filayen gwamnati da dama don irin wannan, ciki har da tsohon otal ɗin Daula da gefen filin Idi. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf a 2023 aka shiga rusau. Kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ina cikin masu ganin bai dace a yanka filin Idi da harabar makarantu a mayar da su shaguna ba. Amma dole a faɗi ɗaya gefen: duk mai jarin da ya kalli katafila tana cin ginin da ke da takardar gwamnati, ya koyi cewa takarda tana iya mutuwa ranar da mai sa hannu ya bar kujera. Aikin gidaje dubu yana ɗaukar shekara bakwai ko goma, ya ratsa zaɓe biyu. Wa zai zuba kuɗinsa a haka? Sai ya zaɓi abin da zai gina ya sayar cikin wata goma sha takwas ya fice.

A Kaduna da Jos akwai wani ciwo da ba ya fitowa a lissafin banki. Tun rikicin 2000 a Kaduna da na 2001 a Jos, mutane suka riƙa sayar da gidajensu suna komawa inda 'yan uwansu a addini suka fi yawa. Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, birni ɗaya ya koma kasuwar gidaje biyu. Filin da ya faɗo a tsakani, komai kyansa, kowane ɓangare na ɗari-ɗari da shi. Matsalar tsaro ta baya-bayan nan ta ƙara wani abu: masu gudowa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari sun cika garuruwa, haya ta tashi, amma filayen bayan gari inda ya kamata a faɗaɗa su ne waɗanda ake tsoron kwana a cikinsu. Ko a Abuja, satar mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 ta sa masu gini a gefen nan sun dakata.

Legas ita ce inda kuɗin ke gudu, kuma dalilin a bayyane yake: akwai mai saye da dala. 'Yan Najeriya mazauna waje na turo wajen dala biliyan 20 a shekara, wani kaso mai kauri na faɗawa a fili da gida. Matatar Dangote, tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, da titin gaɓar teku zuwa Kalaba sun ja 'yan kasuwa zuwa Ibeju-Lekki da Epe. Amma ko a can, yawancin abin da ake tallatawa fili ne a cikin katanga da ƙofa mai ado, ana sayar wa wanda shi ma jira zai yi ya sayar. Sabon birnin Eko Atlantic da aka fara cike teku dominsa a 2008 har yanzu filinsa ya fi gininsa yawa. Tsohuwar sakatariyar tarayya a Ikoyi, wadda aka bari bayan komawa Abuja a 1991, an sayar da ita a 2006 don a mayar da ita gidaje, saɓani da gwamnatin jihar kan izinin gini ya bar ta kango a ɗaya daga filaye mafi tsada a ƙasar.

To, me za a yi da filin da aka riƙe aka ƙi ginawa? Nyesom Wike, da ya zama ministan Abuja a 2023, ya zaɓi bulala. A Satumbar 2023 ya soke fulotai 165 a Abuja saboda rashin gini, a Maris ɗin 2025 aka soke takardu 4,794 saboda rashin biyan harajin ƙasa na sama da shekara goma, aka kuma ce duk wanda aka ba fili ya gina cikin shekara biyu. Asalin wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. A fiƙihu, wanda ya raya matacciyar ƙasa shi ke da ita, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wanda ya killace fili ya bar shi shekara uku bai raya ba, haƙƙinsa ya faɗi. Shi ne ma ya karɓe wani ɓangare na kwarin Aƙiƙ daga Bilal ɗan Haris, ya bar masa iya abin da zai iya nomawa, ya raba sauran ga jama'a. Ina goyon bayan wannan ƙa'ida da zuciya ɗaya.

Sai dai ƙwacewa tana da sharuɗɗa kafin ta zama adalci. Ba daidai ba ne a hukunta mutum kan rashin gini a gundumar da gwamnati ba ta kai titi ba shekara ashirin. Laifin na wanda ya raba fili a daji ne. Sannan filin da aka karɓa, wa aka ba? In daga hannun na kusa da gwamnatin jiya ya koma hannun na kusa da ta yau, ba a ƙara ɗaki ko ɗaya ba, an dai ƙara wa kowa tsoron takardarsa. Ya kamata a buga sunayen sababbin masu filin da wa'adin da aka ba su, kowa ya gani. A ganina haraji ya fi katafila aiki: filin da ke da titi da ruwa da wuta a ƙofarsa, in aka bar shi kwance, harajinsa ya riƙa hawa duk shekara har ajiye shi ya fi gina shi tsada. Mai shi da kansa zai nemi magini ko mai saye, ba sai an je kotu ba. Hukumomin rajistar filaye ta kwamfuta, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, suna da bayanan da za a fara da su.

Gwamnatocin jihohi kuma su rage sha'awar gina gidaje da hannunsu, su koma ga abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba: awo mai faɗin titi, kwalbati, magudana, taransifoma, filin makaranta da asibiti, da takarda mai fita cikin makonni a kan kuɗi sananne. Su yi haka kafin igiyar dillali ta isa gonar, su kuma ba manomin kasonsa na fulotai mai tsoka don kada ya ga gwamnati a matsayin mai ƙwace. Kuɗin irin wannan aiki ana iya nemo shi ta sukuk, wato takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, yadda gwamnatin tarayya ta tara naira biliyan 100 a 2017 don tituna, a biya daga kuɗin fulotan. Sauran aikin mutanenmu sun iya shi, ɗaki bayan ɗaki.

Akwai mutanen da ba a sa su a wannan lissafi ko kaɗan. Kangayen Abuja da Kaduna da Kano ba fanko suke ba. Masu gadi, leburori, 'yan acaba, masu tura ruwa, da iyalan da suka gudo daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, su ke kwana a cikinsu, wasu ma suna biyan maigadi ɗan wani abu duk wata. Hukumomi in sun tuna da su, a matsayin barazanar tsaro suke tunawa, a zo da motoci a kore su. Duk ranar da aka farfaɗo da ɗaya daga waɗannan wurare, su ne za su fara fita, kuma ba ɗaya daga cikinsu da zai iya sayen ko da ɗakin maigadi a gidan da zai tashi a wurin. Gwamnatin da za ta ƙwace babban fili ta sake bayarwa tana da ikon ta rubuta a cikin yarjejeniya cewa wani kaso na abin da za a gina ya zama ɗaki da falo na haya mai sauƙi, a cikin wannan filin, ba a wani daji mai nisan kilomita arba'in ba.